Yadda Aka Karɓi Fim Ɗin Donnie Brasco

A ranar 28 ga watan Fabrairu na shekarar 1997 aka fara nuna fim ɗin Donnie Brasco a gidajen sinima na Amurka. Niyyarmu a wannan maƙala ita ce mu duba irin karɓar da masu sharhi da 'yan kallo suka yi masa, da kuma inda wannan karɓa ta saɓa da abin da ya auku a tarihi. Amma kafin nan ya kamata mu gabatar wa mai karatu da tushen labarin, domin ba ƙagagge ba ne.

Joseph Pistone tsohon ma'aikacin hukumar FBI ne, watau 'yan sandan ciki na Amurka. Daga 1976 zuwa 1981 ya ɓad da kama, ya saje da 'yan Mafiya na birnin New York, yana kiran kansa Donnie Brasco, wai shi ɓarawon lu'ulu'u ne. Gidan Bonanno ya shiga, ɗaya daga cikin gidaje biyar da suka raba harkar ta'asa a birnin. Wanda ya tsaya masa shi ne Benjamin Ruggiero, da ake wa laƙabi da Lefty, daga bisani kuma ya kusanci ubangidan Lefty, Dominick Napolitano, watau Sonny Black. Har an kai ga shirin rantsar da shi cikakken ɗan ƙungiya, bisa sharaɗin ya kashe wani mutum, sai hukuma ta janye shi a watan Yuli na 1981. Shaidar da ya tara ta sa aka gurfanar da mutum fiye da 200, aka sami fiye da 100 da laifi. A 1988 ya fitar da littafi shi da Richard Woodley, kuma daga littafin ne Paul Attanasio ya tsara fim ɗin.

Zamanin da fim ɗin ya fito ba zamanin ƙishin labarin Mafiya ba ne. The Godfather ya fito tun 1972, Goodfellas a 1990, Casino a 1995, har ana ganin rijiyar ta kusa ƙafewa. Bugu da ƙari, wanda aka ba jagorancin aikin, Mike Newell, mutumin Ingila ne wanda aka sani da wasan ban dariya na soyayya, Four Weddings and a Funeral, na 1994. Mai hasashe zai iya cewa an ba kura ajiyar abin da ba ta san daɗinsa ba. Sai ga shi masu sharhi sun tarbi fim ɗin da yabo. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu, Janet Maslin ta New York Times ita ma ta yaba.

Abin lura shi ne inda yabon ya fi sauka. Sunan fim ɗin na ɗan sanda ne, amma alƙaluma sun fi tsayawa a kan Lefty, wanda Al Pacino ya fito a matsayinsa. Dalili kuwa shi ne, wannan ɗan wasa shi ne Michael Corleone a The Godfather, sarkin da ake sumbatar hannunsa. A nan kuwa sai aka gan shi tsoho, gajiyayye, bashi ya yi masa katutu, ɗansa ya faɗa shan ƙwaya, ya shekara talatin yana bauta amma kullum a bayan layi yake in ana rabon muƙami. Akwai wurin da aka nuna shi yana fama da akwatin kuɗin ajiye mota da guduma don ya fitar da 'yan sulalla. Tun bayan da ya ci lambar Oska a 1993 ake zargin Pacino da yawan ɗaga murya a wasanninsa, saboda haka sassaucin da ya nuna a nan ya zo wa manazarta kamar ruwan farko bayan rani. Johnny Depp ma ya sami rabonsa. Kafin wannan an fi saninsa da fitowa a matsayin baƙin halittu da mutane masu wata irin ɗabi'a, kamar a Edward Scissorhands da Ed Wood, sai a nan aka gan shi magidanci mai 'ya'ya uku, wanda aiki ke cinye masa aure da hali sannu a hankali.

Ta fuskar kuɗi, an kashe kimanin dala miliyan 35, aka samu kusan miliyan 125 a duniya baki ɗaya. Amma kashi ɗaya cikin uku ne kawai, wajen miliyan 42, ya fito daga Amurka, inda ya ci karo da finafinan Star Wars da aka sake fitarwa a watannin nan. Sauran ƙasashe su suka fi rungumarsa. Masu ba da lambar Oska kuwa ba su bi bakin masu sharhi ba. Ba Pacino ba Depp a cikin 'yan takara. Attanasio kaɗai aka tsayar saboda tsarin labari, shi ma L.A. Confidential ya kayar da shi. Fitowa a farkon shekara ta cuce shi, domin kafin lokacin zaɓe Titanic ya rufe idon kowa.

Ga mai nazarin harshe akwai abin sha'awa cikin abin da 'yan kallo suka riƙe. Wurin da aka fi maimaitawa ba na harbi ba ne. Wuri ne da Brasco ke yi wa abokan aikinsa bayanin wata magana ta 'yan Mafiya mai ma'anar "manta da shi", yana nuna musu yadda take zama amincewa, ko musu, ko yabo, ko zagi, gwargwadon yadda aka furta ta. Haka nan Lefty ya koya masa bambancin a gabatar da mutum da "abokina" da a gabatar da shi da "abokinmu": na farko ɗan rakiya ne, na biyu rantsattsen ɗan gida. Ran ɗan leƙen asiri ya rataya ne a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa, kuskuren wakilin suna guda ya isa.

To, a nan ne muke ganin ya kamata a yi hattara. Abin da ya fi sosa zukatan mutane shi ne ƙarshen fim ɗin, inda aka kira Lefty bayan asiri ya tonu, ya cire zobensa da agogonsa da kuɗinsa ya zuba a aljihun tebur, ya bar shi a buɗe don matarsa ta gani, sa'an nan ya fita. Kowa ya tashi da yaƙinin cewa kashe shi za a yi. Alhali ba haka aka yi ba. Hukuma ta kama Ruggiero a 1981, ya yi zaman kurkuku, aka sake shi a 1993, ciwon daji ya kashe shi a watan Nuwamba na 1994. Wanda aka kira aka kashe shi ne Napolitano, a watan Agusta na 1981, ba a kuma gano gawarsa ba sai bayan shekara guda a Staten Island. Shi ne aka ruwaito ya miƙa wa mai sayar da abin sha kayan adonsa kafin ya tafi wurin kiran. Watau an ɗauki mutuwar wani an yafa wa wani, shi kuma mai mutuwar, wanda Michael Madsen ya fito a matsayinsa, aka mai da shi mugun da ba a tausaya wa.

A ganinmu wannan musanya ita ce ta sayo wa fim ɗin mafi yawan yabonsa, kuma ita ce ta karkatar da hukuncin mai kallo. Mutumin da ya faɗa da bakinsa a cikin fim cewa ya kashe mutum 26, shi ake yi wa hawaye. Wanda ya sa ransa a tafin hannu shekara biyar, shi ake kallo da idon maci amana, aka sallame shi da lambar yabo da cakin dala 500 a wani ɗan biki na gaggawa. Ba mu ce masu fim sun yi laifi ba, domin aikinsu ke nan. Sai dai masu sharhi da yawa sun yabi fim ɗin da cewa ya fi na gabansa kusa da gaskiya, kuma gaskiyar da suke nufi ta sutura ce da magana da talaucin ƙananan 'yan ƙungiya, ba ta wanda ya mutu da wanda ya rayu ba.

Tarihin kuwa bai tsaya inda fim ya tsaya ba. Abin kunyar Brasco ya sa aka kori gidan Bonanno daga majalisar shugabannin Mafiya. Sai a 2004 kotu ta sami Joseph Massino, wanda ya zama shugaban gidan, da laifin kisan kai har da na Napolitano. Bayan hukuncin shi ma ya juya ya zama mai ba hukuma shaida.