BAƘO MARA LAFIYA, NAUYIN WA? DAGA WURNO ZUWA MAKKA

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, watau ba ya daɗewa. To, amma akwai baƙon da zama kan kama shi, har ciwo ya tarar da shi a ƙasar da ba tasa ba. A nan ne tambaya kan taso: wa zai ɗauki nauyin jinyarsa? A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba yadda aka amsa wannan tambaya a da, da kuma yadda ake amsa ta yau, mu fara da ƙasarmu ta Kwargaba.

Wurno ribaɗi ne wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan kuma ya rasu cikin 1837, Allah ya jiƙansa. Da yake sarakunan Musulmi da dama sun zauna a garin, sai ya zama masaukin malamai da fatake da manzanni. A wancan zamani ba fasfo, ba biza. Abin da baƙo ke bukata abu biyu ne: amanar sarki da mai masauki. In sarki ya ba shi amana, an tsare ransa da dukiyarsa. Shi kuwa mai masauki, ko fatoma in baƙon falke ne, shi ke ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a kasuwa da gaban alƙali. In ya kwanta ciwo shi zai nemo mai magani. In ta Allah ta kasance, shi zai yi masa sutura, ya ajiye kayansa har magada su zo.

Misali a nan shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Ya iso Wurno cikin 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka ba shi takardar amana ya wuce Tambutu. Da ya komo cikin 1854 sai atuni ya kayar da shi a Wurno, ya yi kamar wata guda yana jinya. Cikin abin da ya yi magani da shi har da dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa. Ba wanda ya ce masa kwanakinsa sun ƙare, ya nemi sabon izni. Ya zauna har ya warware, sa'an nan ya kama hanyar Kano.

Ba a daɗe ba sai mutanenmu su ma suka zama baƙi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda har yau ake kira Mai Wurno. Garin ya zama zango ga alhazan ƙafa, masu shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don neman guzuri. Wanda ciwo ya kama, 'yan'uwa ke jinyarsa. Al'adar masauki ta bi su har can.

Abin da ya sake wannan tsari shi ne zuwan iyakoki da takardu. Aka fara tambayar alhaji fasfo da katin rigakafi, musamman na shawara. Wanda kuma ke son zama a Saudiyya bayan aikin hajji, tilas ya sami igama, watau takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani kafili ɗan ƙasa. In mai karatu ya lura, kafilin nan mai masauki ne aka sa wa rigar doka.

Da ma'aikata baƙi suka yi yawa ƙwarai, nauyinsu ya yi wa asibitocin gwamnati yawa, sai Saudiyya ta kafa dokar inshorar lafiya cikin 1999, aka riƙa zartar da ita mataki-mataki. Ma'anar inshora ita ce a biya kamfani wani kuɗi kowace shekara, in ciwo ya zo kamfanin ya biya asibiti. Dokar ta ɗora wannan biya a kan mai ba da aiki, ta kuma ɗaure shi da igama: ma'aikacin kamfani ba a sabunta masa izinin zama sai inshorarsa na aiki. Daga 2020 kuma aka haɗa inshora da bizar masu zuwa Umra daga ƙetare. Mu ma nan Nijeriya, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane mazaunin ƙasa, ɗan gida da baƙo.

Babu shakka sabon tsarin na da amfani. Jinyar asibiti ta yau, da tiyata da wankin ƙoda, ta fi ƙarfin kowane fatoma, kuma baƙo bai dogara ga halin mutum ɗaya ba, mai kirki ne ko marowaci. Amma fa takarda sai mai takarda. Dubi waɗanda ake kira 'yan takari, da suka wuce kwanakinsu a Makka ko Jidda ba igama. Ba igama, ba inshora. Zuwa asibiti kuma na iya tona asirinsu a maido su gida. Saboda haka sukan ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu, ba mai taimakonsu sai 'yan'uwa Hausawa da ke yi musu karo-karo.

A ƙarshe, kira ga matasan Wurno da Rabah da Goronyo masu niyyar fita neman arziki: kafin ku tashi, ku bincika wa zai biya in kun kwanta, ku kuma san ranar da takardarku za ta ƙare. Mu kuma na gida, kada zuwan inshora ya sa mu manta da cewa baƙonka annabinka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.