Jami'ar Ɗanfodiyo da Ƙwallon da Bai Yi Saiwa a Sakkwato ba

A ranar 20 ga Oktoba, 1977, ɗalibai 93 suka shiga aji a wasu gine-ginen wucin gadi da ke cikin birnin Sakkwato, kuma da su Jami'ar Sakkwato ta buɗe karatu. A wannan shekarar ce kuma, can a gabashin Afirka, ɗaliban Jami'ar Nairobi suka kafa ƙungiyar ƙwallon zari-ruga mai suna Mean Machine, wadda ta ɗauki kofin ƙasar Kenya tun a kakarta ta farko. Babu abin da ya haɗa al'amuran biyu kai tsaye. Sai dai duka jami'o'in sun gaji tsarin karatun Ingila, kuma bambancin abin da kowace ta ɗauka daga wannan gado yana bayyana abubuwa da yawa game da Sakkwato.

An haifi jami'ar ne a zamanin da kuɗin man fetur ya cika baitulmali. Kafin 1975 jami'o'in Najeriya shida ne: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife, Ahmadu Bello ta Zariya da Benin, wato ɗaya tak a duk faɗin Arewa. A ƙarƙashin shirin raya ƙasa na uku, Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin manyan makarantu bakwai, a Sakkwato, Maiduguri, Jos, Kalaba, Kano, Ilorin da Fatakwal. Wasunsu sun tarar da kwaleji a ƙasa suka ɗora a kai, kamar ta Kano da ta tsiro daga Kwalejin Abdullahi Bayero. Ta Sakkwato kuwa daga tushe aka faro ta, aka ɗauko Shehu Ahmad Sa'id Galadanci, masanin Larabci wanda ya riga ya shugabanci kwalejin ta Kano, aka ɗora masa nauyin. A watan Nuwamba na 1980 aka yaye ɗaliban farko.

Amma wanda ya ce ilimi ya zo Sakkwato a 1975 ya jahilci garin. Birnin da Muhammadu Bello ya gina a 1809 hedikwatar daula ce da malamai suka kafa da alƙalami kafin takobi. Shehu Usmanu, ƙanensa Abdullahi, ɗansa Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce cikin Larabci, Fulfulde da Hausa, kuma a lokacin da jami'ar ta buɗe, Waziri Junaidu yana raye, gidansa cike da littattafai da masu neman sani. Wannan shi ya sa taken jami'ar ya zama kalma guda, "Iƙra", babban ɗakin karatunta ya ɗauki sunan Abdullahi Fodiyo, ita kanta kuma a 1988, a zamanin shugabancin masanin tarihi Mahdi Adamu, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Makarantar da ta buɗe ido a irin wannan gida tana da madubin da za ta duba kanta a ciki, ba sai ta aro na Oxford ba.

Shi kuwa zari-ruga ɗan makaranta ne tun daga haihuwa. Sunansa na Turanci sunan wata makarantar kwana ce a garin Rugby na Ingila, inda ake ba da labarin cewa wani ɗalibi ya sungumi ƙwallo da hannu ya ruga a 1823. Masana tarihi ba su gaskata labarin ba, amma ya zauna, har kofin duniya na wasan yana ɗauke da sunan yaron. An kafa hukumar wasan ta Ingila a 1871, shekara guda bayan haka Oxford da Cambridge suka fara karawar da suke yi har yau. Malaman waɗannan makarantu sun yi imani cewa yaron da ya saba a kayar da shi ya tashi ya koma cikin 'yan'uwansa, shi ne zai iya riƙe lardi a ƙasar da aka mallaka. Da yawa daga cikin Di'o-Di'o da Razdanonin da suka mulki Arewa bayan yaƙin Giginya na 1903 a irin wannan tarbiyya suka tashi.

To me ya hana su dasa shi a nan? Sun dasa wasanni, amma sun zaɓa. A Kwalejin Katsina, wadda ta horar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa, kurket aka buga da kuma wani wasan da ake dukan ƙaramin ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawa ke kira Fives, ɗan asalin makarantar Eton. Wani malami, Hogben, shi ake danganta wa kawo shi Katsina da Birnin Kebbi a shekarun 1920. Sardauna ya ƙware a kansa, bai kuma daina bugawa ba har yana Firimiya, kuma har gobe Arewacin Najeriya na cikin wurare ƙalilan a wajen Ingila da wasan yake raye a hannun talakawa. Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙwallon bango bango yake buƙata da mutum huɗu, kuma bango ko na laka ne ya wadatar. Zari-ruga yana son mutum talatin da fili mai ciyawa mai laushi, domin faɗuwa ita ce rabin wasan. A Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙasa kuma ta bushe ta yi tauri kamar daɓe tun daga hunturu har saukar damina, wanda aka kayar da gudu ba ƙura kawai zai kakkaɓe ba.

Akwai kuma batun jama'a. A Kenya Turawa sun zauna, sun yi gonaki, sun kafa kulob-kulob irin su Nondescripts tun 1923, suka mayar da zari-ruga wasan fararen fata. Saboda haka lokacin da ɗaliban Nairobi suka ci kofi a 1977, nasarar tana da ɗanɗanon siyasa: 'ya'yan ƙasa ne suka kayar da masu gida a wasan masu gida. A ƙasar Sakkwato ba a taɓa samun Turawa mazauna masu yawan da za su riƙe gasa ba, don haka babu wata ƙofa da aka rufe da za a yi zuciyar ɓallewa. Matashin da ke son gwada ƙarfi yana da kokawa da dambe, da makaɗa da kirari da 'yan kallo da suka san darajar kaye. Mai son gudu da ƙwallo kuma ƙwallon ƙafa ya riga ya same shi a kowane lungu.

Duk da haka kuskure ne a ce wasan ba zai yiwu a ƙasar Hausa ba. Kulob ɗin Barewa na Kano ya tara yaran unguwanni ya horar da su har suka yi suna a gasannin ƙasa, ƙasar Kano kuwa ba ta fi ta Sakkwato laushi da wani abin kirki ba. Samfurin 'yan bakwai-bakwai, wanda ya shiga gasar Olamfik a 2016, ya rage yawan mutanen da ake buƙata da fiye da rabi. Mazaunin jami'ar na dindindin a Dundaye, a tsallaken gulbi, fili ne da ido ba ya ganin ƙarshensa, ruwa kuma yana kusa, wani lokacin ma kusa fiye da kima: ambaliyar watan Satumba na 2010 ta cinye hanyar da ta haɗa jami'ar da gari, ta tsayar da karatu.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne ɗorewa. Ƙungiyar ɗalibai kowace shekara tana asarar manyanta, don haka rayuwarta ta dogara ne a kan 'yan aji huɗu su koya wa 'yan aji ɗaya kafin su tafi, tsofaffin ɗalibai kuma su riƙa waiwayowa da kuɗi da horo. Da haka ƙungiyar Maties ta Stellenbosch a Afirka ta Kudu ta haura shekara ɗari. Jami'ar Ɗanfodiyo tana da tsofaffin ɗalibai da shugabanni da ake ji da su, har ɗaya daga cikin shugabanninta, Tijjani Muhammad-Bande, ya jagoranci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019. Amma kalandarta, kamar ta sauran jami'o'in tarayya, ba a hannunta take ba. Yajin aikin malamai na 2020 ya ci wata tara. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wato ya haɗiye damina sukutum, lokaci ɗaya tilo a shekara da ciyawa ke rufe filayen Dundaye.