Mayar da Kogi Tafarkinsa na Asali: Nazarin Farfaɗo da Kogin Kissimmee da Tasirinsa ga Kifaye da Tsuntsayen Ruwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin aikin farfaɗo da Kogin Kissimmee da ke jihar Filorida a Amurka, wanda aka miƙar da shi ya koma magudana tsakanin 1962 da 1971, sannan aka dawo aka cike wani ɓangare na magudanar daga 1999 zuwa 2021. Maƙalar ta nuna cewa gyaran siffar kogi ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin abin da ke raya kifi da tsuntsu shi ne lokacin zuwan ruwa, da tsawon zamansa a fadama, da kuma yadda yake janyewa.

Kogin Kafin a Taɓa Shi

Kissimmee yana tasowa ne daga tafkin da ke ɗauke da sunansa, ya gangara kudu har ya zuba a Tafkin Okeechobee, kuma a da yana yin wannan tafiya ne a karkace, yana lanƙwasawa yana kewayawa har tsawon kilomita 166 a cikin fadamar da faɗinta yake kai kilomita 2 zuwa 3. Kasancewar ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gaɓar kogin kuma ba ta da tudu, da zarar damina ta kankama sai ruwa ya tumbatsa ya malale fadamar, ya yi watanni a cikinta, wasu shekarun ma ya kwana har wata daminar. A cikin wannan ruwa marar zurfi mai yalwar ciyayi ƙananan kifaye da jatan lande da ƙwari suke hayayyafa, idan rani ya shigo ruwan ya fara ja da baya a hankali sai su taru a 'yan kududdufai, inda zalɓe da danginsa masu dogayen ƙafafu suke samun abinci a daidai lokacin da suke renon 'ya'yansu.

Miƙar da Kogin da Abin da ya Biyo Baya

Ambaliyar da guguwar teku ta haddasa a 1947 ita ce ta sa jama'ar yankin suka matsa wa gwamnati lamba, har aka ɗora wa Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka aikin shawo kan ruwan. Rundunar ta haƙa miƙaƙƙiyar magudana mai suna C-38, mai tsawon kilomita 90 da zurfin mita 9, ta kafa madatsai shida masu ƙofofi waɗanda suka raba ta gida-gida, kowane gida ruwansa yana tsaye a ma'auni ɗaya rani da damina. Ta fuskar hana ambaliya aikin ya yi nasara, masu kiwon shanu kuma suka sami makiyaya a inda da dausayi ne, wato ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta mafi yawan shekara. Sai dai fiye da hekta 12,000 na dausayin sun bushe, agwagin daji da ke zuwa cin hunturu suka ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Abin da ya sami guntayen tsohon kogin da magudanar ta yanke ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin nan ne ake ganin yadda rashin gudana yake kashe ruwa. Da ruwansu ya daina motsi, kainuwa da sauran ciyayi masu yawo suka rufe samansu, ruɓaɓɓen ganye ya taru ya binne yashin da kifi ke ƙwai a kansa, ruɓewar kuma ta cinye iskar oksijin da ke narke a cikin ruwan, wadda da ita kifi yake numfashi. Kifin bas da masunta ke so ya ƙaranta, nau'o'in da ke iya shaƙar iska a saman ruwa, kamar yadda tarwaɗa take yi, suka mamaye wurin.

Aikin Farfaɗowa

Tun kafin a gama haƙa magudanar aka fara kiraye-kirayen a gyara ɓarnar, amma sai a 1992 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da aikin, aka haɗa rundunar da ta yi haƙar da Hukumar Kula da Ruwa ta Kudancin Filorida, wadda ta sayi fiye da hekta 40,000 na filaye domin ruwa ya sami wurin malala. An ɗebo ƙasar da aka jibge a gefe tun lokacin haƙa aka cike kimanin kilomita 35 na tsakiyar magudanar, aka rushe madatsai biyu, aka sake haƙa lanƙwasoshin da suka ɓace, har ruwa ya koma bin tafarkin kogi mai tsawon kusan kilomita 70. An bar magudanar a farkonta da ƙarshenta saboda kare garuruwa, saboda haka abin da aka farfaɗo yanki ne na kogin, ba dukkansa ba.

Sakamakon farko ya zo da sauri bayan kammala zangon farko a 2001. Gudun ruwa ya wanke taɓon da ya taru, tsibiran yashi suka sake fitowa a lanƙwasoshin kogin, oksijin ya ƙaru, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu kuma suka dawo da yawa.

Ragowar Matsala: Lokacin Ruwa

Duk da haka, dausayin bai koma yadda yake a da ba, kuma dalilin yana can sama a tafkunan da ke ciyar da kogin, inda har yanzu ƙofar madatsa ce ke yanke hukuncin ruwan da zai sauko. Idan aka saki ruwa da yawa farat ɗaya a lokacin zafi, yakan rufe ciyayin fadama su ruɓe, oksijin ya faɗi ƙasa warwas, kifaye su mutu. Idan kuma aka rufe ƙofar da wuri, fadama takan bushe kafin tsuntsu ya ci moriyarta, baƙin ciyayi masu jure fari da ruwa su danne na asali. Maganin da aka tsara shi ne a ƙyale tafkunan su ƙara cika da kusan rabin mita, domin a sami ajiyar da za a riƙa saki sannu a hankali bisa tsarin damina da rani, kuma ana aiwatar da wannan ne mataki-mataki bayan an gama aikin ƙasa a 2021.

Wannan batu yana da nasaba ta kai tsaye da dausayin Haɗeja-Nguru, ko da yake can ba miƙar da kogi aka yi ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar damina, sun kuma sa ruwa yana gudana a rassan da a da suke ƙafewa da rani, wanda hakan ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi zuwa wasu wurare ta bar wasu a bushe. Yashe rassan da sare kachala suna buɗe hanya na ɗan lokaci, amma muddin sakin ruwa daga madatsan bai bar rassan sun bushe da rani ba, yanayin da ya haifar da ciyawar yana nan, kuma takan sake tofowa a inda aka sare ta.