TuxOnIce: kod ɗin da jama'a suka so, amma bai shiga Linux ba

1/ Ranar da aka fara dawo min da kod ɗina cike da gyara, har da zancen tsawon layi, na ji kamar in bar harkar. Wannan tarihin ne ya sanyaya min zuciya. 🧵

2/ Kwamfuta tana da "dogon barci": ta kwashe abin da ke cikin RAM ta rubuta a faifan ajiya, sannan ta mutu gaba ɗaya. Da ka kunna, sai ka tarar da aikinka inda ka bar shi. Amma in kod ɗin ya yi kuskure, fayilolinka na iya lalacewa.

3/ A 2002 swsusp ya shiga kanel, wato zuciyar Linux, Pavel Machek ke kula da shi. Nigel Cunningham kuma ya gina nasa a gefe, Suspend2, wanda ya koma TuxOnIce a 2007.

4/ Gaskiya na Nigel ya burge. Yana matse bayanai kafin ya rubuta, yana adana kusan duk RAM, yana nuna maka inda aiki ya kai. Mutane da yawa shi suke liƙa wa kanel ɗinsu.

5/ Ya sha turowa, masu bita suna cewa ya yi girma, ya taɓa sassa masu haɗari irin na sarrafa RAM. A 2006 sai aka karɓi uswsusp na Rafael Wysocki a Linux 2.6.17, wanda ya fitar da wani sashen aikin waje da kanel.

6/ Al'adarsu ke nan: kowane faci ya yi abu ɗaya, da bayaninsa. Tazarar farkon layi gurbi 8, layi kada ya wuce harafi 80 a lokacin. Ba don ado ba ne fa. Wanda ya karɓi kod, shi zai yi ta gyaransa shekara da shekaru, dole ya iya karanta shi.

7/ TuxOnIce bai taɓa shiga ba. Matse bayanai kuwa ya shiga a 2.6.37, a 2011, ta wani ƙaramin faci daban.

8/ Yanzu in zan tura aiki, nakan yanka shi ƙanana, in tambayi kaina: wanda bai san ni ba, zai gane wannan? In an yi min gyara, in ce na gode. Kai fa, wane gyara ne ya fi ƙona maka rai?