Daga Fatar Sa Zuwa Guntun Roba

Tun kafin jita ta iso ƙasar Maradi, tsirkiya ta daɗe tana magana a nan. Iyayenmu na Sarkin Yamma da ƙauyukan da ke bin gulbi har Madarumfa sun tashi ne da amon garaya, wadda ake zuga mahalba da ita, ake kuma kaɗa wa 'yan bori. Muryar makaɗin muka fi tunawa. Ba mu cika lura da ɗan abin da ke maƙale tsakanin yatsunsa ba: guntun busasshiyar fatar sa mai tauri, a wasu wuraren ma ta dorina. Ba a kasuwa yake saye ba. Da wuƙarsa yake yankawa, ya yi ta gyara bakinta har ta daidaita da hannunsa. Tsirkiyar garaya biyu ce kacal, amma sai ya kai asuba yana bugu, domin daga wuyan hannu yake kaɗawa, kafaɗa na hutawa.

A can ƙasashen Turawa, masu jita da bayan kunkurun teku suke kaɗa tasu, ga tsada ga saurin tsagewa. A 1922 Luigi D'Andrea ya fara yanka irin wannan abu da robar seluloyid a birnin Niyok, kuma samfurinsa mai lamba 351, mai kama da ɗigon ruwa, shi ne siffar da har yau muke gani a hannun kowa. Bayan yarjejeniyar CITES ta 1973 aka hana cinikin bayan kunkurun tsakanin ƙasashe, sai roba ta ci kasuwa. A 1981 kamfanin Dunlop ya fito da Tortex, kowane kauri da launinsa: ja milimita 0.50, ruwan lemo 0.60, rawaya 0.73, kore 0.88, shuɗi kuma milimita 1.

Mu kuwa jita ta zo mana ta rediyo da kaset, da kuma ƙungiyoyin kiɗan zamani da suka samu fili a bukukuwan matasa na zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987. Tare da ita sunan abin kaɗin na Faransanci ya shigo, mediyator. Sai dai daga arewa wata hanya ta ɓullo. Abdallah Oumbadougou da 'yan bayansa, irin su Bombino da Mdou Moctar, da yatsa suka yi suna, salon da ya fi kusa da na masu molo da gurmi. Mdou, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, da manuniya yake sharar tsirkiya sama da ƙasa, da saurin da ido ba ya iya bi. Nan matasanmu suka rabu biyu, masu mediyator da masu yatsa, kuma gardamar ba ta mutu ba.

Da wayar salula ta shigo a farkon shekarun 2000, sai ta kawo wa mai koyo abin da ba a yi zato ba. Katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa kaurinsa ya kusa milimita 0.8, wato matsakaici, wanda a ganina ya fi dacewa da sabon hannu. Siriri sosai yana yafe kuskure wajen sharar tsirkiyoyi duka shida, amma yana lanƙwashewa, yana ta fat-fat idan an zo zaɓar sauti ɗaya-ɗaya. Mai kauri kuma yana tona asirin hannun da bai nuna ba. Yaro sai ya sa wa katin almakashi, ya goga bakin a siminti, ya riƙe tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, ɗan tsinin kaɗai a waje. Daga nan sai bugu ɗaya ƙasa, ɗaya sama, a hankali, har wuyan hannu ya saki. Yawancin masu koyo damƙewa suke yi kamar za a ƙwace musu, kafin a jima dantse ya ƙage.

Da za a zaunar da tsohon mai garaya gaban wannan yaro, ba zai san sunan tsirkiya ko ɗaya a jikin jitar ba, amma zai karɓi katin, ya juya shi a tafin hannu, ya ce bakin bai gogu ba.