Jirgin Alhazan da Aka Yi wa Ta'aziyya Yana Bisa Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Da yawa daga cikinmu Hausawan Sudan, in muka bi salsala, za mu tarar da kaka ko kakan kaka wanda ya baro yamma da niyyar Hajji. Sun yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙwadago, har suka iso Sawakin. A nan ƙafa ke gama aikinta. Daga nan sai mutum ya ɗauki ransa da iyalinsa da guzurin da ya tara ya danƙa wa mai jirgi, baƙon da bai san ko sunansa ba. Saboda haka labarin da muka kawo yau ba zai yi mana baƙunci ba, ko da yake ya faru ne da mutanen gabas mai nisa, waɗanda kakanninmu suka sani a Makka da sunan Jawa. Labari ne na jirgin 'yan kasuwa mai suna Jeddah, wato Jidda, da abin da ya same shi a shekarar 1880.

Bayan buɗe mashigin Suwez a shekarar 1869, jirage masu aiki da tururi suka cika Bahar Maliya da Tekun Indiya. Masu jiragen suka gane cewa jigilar maniyyata ciniki ne mai riba, domin maniyyaci yakan zo da abincinsa da tabarmarsa, ya dafa da kansa, ya kwanta inda aka nuna masa. An ƙera Jidda a shekarar 1872 a garin Dumbarton na ƙasar Sukotland domin wannan jigila. Mallakar wani kamfani ne na Singafo wanda Sayyid Muhammad Alsagoff ke jagoranta, attajiri daga zuriyar Larabawan Hadramaut, amma tutar Ingila jirgin ke ɗauke da ita, manyan jami'ansa kuma Turawa ne. Tsawonsa bai kai ƙafa 300 ba.

Ran 17 ga Yuli 1880, kusan wata huɗu kafin ranar Arfa, jirgin ya tashi daga Singafo, ya biya ta Penang ya ƙara ɗibar mutane, har maniyyatan suka kai 953, maza da mata, ga kuma yara. A ƙarƙashinsu an yi lodin sukari da katako da sauran hajoji. Ma'aikatan jirgin kimanin 50 ne. Kyaftin ɗinsa shi ne Joseph Lucas Clark, wanda ya taho da matarsa, mataimakinsa na farko kuma wani matashi ne mai suna Augustine Podmore Williams. Akwai kuma Sayyid Umar Alsagoff, ɗan'uwan mai kamfanin.

Wanda ya san Tekun Indiya ya san watan Yuli da Agusta lokaci ne na iskar damina mai kaɗowa daga kudu maso yamma, kuma mai nufin Bahar Maliya daga gabas cikinta zai kutsa gaba da gaba. Haka Jidda ya yi kwanaki igiyar ruwa tana ɗaga shi tana makawa. Ran 3 ga Agusta manyan tukwanen tururi, waɗanda su ne zuciyar injin, suka fara ƙwacewa daga maɗauransu. Ma'aikata suka yi ta cusa katako suna tokare su. Duk lokacin da jirgin ya karkata sai tukwanen su gusa, bututun da ke haɗe da su suna tsagewa, ruwan teku yana samun ƙofa. Zuwa ran 7 ga wata ruwa ya cika ɗakin injin ya kashe wutar gawayi. Jirgin tururi kuwa in wutarsa ta mutu, injin da ke tura shi ya tsaya, famfunan da injin ke juyawa su ma sun tsaya. Abin da ya rage shi ne famfon hannu da bokiti. Maniyyata suka jeru tare da ma'aikata suna kwasar ruwa, a lokacin suna daura da gaɓar ƙasar Somaliya, kusa da ƙahon da ake kira Ras Asir ko Gardafuy.

A nan ne zuciyar kyaftin ta karaya. Kwale-kwalen ceto da ke jirgin ba za su ɗauki ko kusa da yawan mutanen ba, kuma ya san haka. An kuma cusa masa tsoron cewa in maniyyata suka tabbatar jirgi zai nutse, za su afka wa matarsa. Sai ya sa aka shirya kwale-kwale. Cikin daren da zai waye 8 ga Agusta, wanda ya zo daidai da kamawar watan Azumi na shekarar 1297 ta Hijira, aka saukar da shi, kyaftin da matarsa da babban injiniya da Sayyid Umar da waɗansu ma'aikata suka shiga.

Mutanen da suka wuni suna kwasar ruwa suka ɗaga kai suka ga masu jirgi na sulalewa. Sai wuri ya yamutse. Suka riƙa jifan kwale-kwalen da tukwane da akwatuna da duk abin da hannu ya kai, Williams ya harba ƙaramar bindigarsa, daga bisani shi ma ya tsinci kansa a ruwa aka tsamo shi zuwa kwale-kwalen kyaftin. Mataimaki na biyu ya nemi sauka a wani kwale-kwalen tare da waɗansu mutane, shi kuma ya kife da su a cikin wannan rikici, ruwa ya ci su. Mutum 21 suka ɓace cikin duhu a kwale-kwalen kyaftin, suka bar kusan dubu a kan jirgin da ba wuta, ba matuƙi.

Da gari ya waye wani jirgi mai suna Scindia ya tsinci kwale-kwalen, ya kai su Adan ran 10 ga Agusta. Adan a lokacin tana hannun Ingila, tashar shan gawayi ce, kuma tana da wayar tangaraho da ke kaiwa Landan da Indiya. Kyaftin Clark ya shaida wa hukuma cewa Jidda ya nutse da mutanensa, ya ƙara da cewa maniyyata sun yi tawaye har sun kashe biyu daga cikin jami'ansa. Aka buga waya zuwa Singafo cewa shi da matarsa da Sayyid Umar da mutum 18 ne suka tsira. Jaridun Landan suka ɗauka. Mai karatu ya kwatanta halin gidajen Penang da Singafo, inda aka yi rakiyar uwa da uba da addu'a makonni uku da suka wuce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kashegari, ran 11 ga Agusta, mutanen tashar Adan suka hango wani jirgi mai suna Antenor yana shigowa a hankali, yana janye da wani a bayansa, cike da mutane. Jidda ne.

Ga abin da ya faru bayan tafiyar kyaftin. Ma'aikatan da suka rage, kimanin 20, tare da maniyyata, suka koma bakin famfo da bokiti. Da iska ta lafa suka ɗaga filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, suka kuma ɗaga alamar neman agaji. Ruwan da aka ce ya fi ƙarfin mutane sai ga shi yana raguwa a hannunsu. Haɗarin da ya rage shi ne iska tana kora su zuwa gaɓa, inda duwatsu za su farfasa jirgin. A ranar nan ta 8 ga wata Antenor, wanda ya taso daga Shanghai zai je Landan, ya hango alamarsu. Babban mataimakin kyaftin ɗinsa ya hau Jidda da 'yan mutanensa, ya tsara kwasar ruwa bi da bi, aka ɗaura igiya, aka yi kwana uku ana ja har Adan. Waɗanda suka rasu gaba ɗaya mutum 18 ne, kuma da yawansu a rikicin kwale-kwale suka tafi. Gudun shugaba ya ci rayukan da iskar damina ta yi kwanaki ba ta ci ba.

Hukumar Adan ta zaunar da kotun bincike. Kotun ta gano cewa ɗaurin tukwanen tururin ba mai ƙwari ba ne, ta kuma soki yadda babban injiniya ya tafiyar da aikinsa. Ta gano cewa maniyyatan ba su ɗaga wa kowa hannu ba sai da suka ga ana guduwa a bar su. Ta sami Clark da babban laifi na watsar da jirginsa da zama sanadin rasa rayuka, ta kuma zargi Williams da zuga shi. Hukuncin shi ne dakatar da takardar kyaftancin Clark na shekara uku. Ba ɗauri, ba komai bayan wannan. Tun a lokacin mutane da yawa, har cikin Turawa, suka ce hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai. Williams ya koma Singafo, ya yi aiki a shagunan da ke sayar wa jirage kayan buƙata, ya zauna a garin da kowa ya san abin da ya yi har ya rasu a shekarar 1916.

Duniya ta san wannan labari ne ta hannun marubuci Joseph Conrad, wanda shi ma ya yi aikin jirgi a tekunan gabas. A shekarar 1900 ya fitar da ƙagaggen littafinsa Lord Jim, inda ya sauya sunan jirgin zuwa Patna, ya gina labarin a kan matashin jami'in da ya yi tsalle ya bar alhazai, da kunyar da ta bi shi har mutuwa. Littafi ne mai zurfi, ana karanta shi a jami'o'i har yau. Amma a cikinsa alhazan barci suke yi lokacin da aka gudu aka bar su. A gaskiyar abin da ya faru, idonsu biyu, kuma hannuwansu ne suka riƙe jirgin a bisa ruwa. Mun san sunan kyaftin, mun san na mataimakinsa, mun san shekarar da ya mutu. Manomin shinkafar da ya kwana yana miƙa bokiti a daren farko na Azumi kuwa, lamba ce kawai a cikin 953.

Wannan shi ne wurin da muke son mai karatu ya dakata. Da Antenor bai bi ta wannan hanya ba, da jirgin ya bugi duwatsu cikin dare, abin da tarihi zai riƙe shi ne maganar Clark: alhazai sun yi tawaye, sun yi kisa, teku ta cinye su. Wanda ya riga isa bakin waya shi ya so ya rubuta tarihin waɗanda ya ci amanarsu. Kwana ɗaya tak ya raba ƙaryarsa da tonuwarta.

Malamanmu sukan karantar da mu hadisin da ya misalta al'umma da mutanen jirgi guda, waɗansu a sama waɗansu a ƙasa, tsirarsu ɗaya halakarsu ɗaya. A kan Jidda na sama ne suka ga kamar za su iya tsira su kaɗai. Sun tsira da rai, suka rasa abin da ake zama da shi cikin mutane.

Doka kuwa ta yi nawa. Sai bayan nutsewar Titanic a shekarar 1912, wanda ya ci manyan attajiran Turai da Amurka, ƙasashe suka rattaba hannu a 1914 kan yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku, wadda ta ce a tanadi wurin zama a kwale-kwalen ceto ga kowane mutum da ke cikin jirgi. Shekara 34 ke nan bayan Jidda. Kuma Bahar Maliya ba ta daina karɓar rabonta ba. A Disamba 1991 jirgin Salem Express, yana dawowa daga Jidda, ya bugi duwatsun ruwa kusa da Safaga ta Masar, ɗaruruwa suka rasu. A Fabrairu 2006 Al-Salam Boccaccio 98 ya kama wuta ya kife tsakanin Duba da Safaga, ya tafi da mutum fiye da 1,000. A Yuni 2022, a tashar Sawakin ɗinmu, jirgin Badr 1 ya nutse da tumaki fiye da 15,000, lodin da ya wuce ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Sau da yawa in an bincika, akan tarar da hannun mutum kafin hannun teku: gyaran da aka ɗage, lodin da aka ƙara, ko shugaban da ya tuna da kansa kafin jama'arsa.

Muna da roƙo guda ga masu karatu. A gidajenmu har yanzu akwai tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu yadda aka ƙetare daga Sawakin a sambuk, wa ya isa, wa ya rage a ruwa. Ku zauna da su, ku tambaye su, ku rubuta sunaye da garuruwan asali da abin da suka tuna. In ba mu rubuta ba, wani zai riga mu isa bakin waya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan jirgi da duk musulmin da ruwa ya ci a hanyar Ɗakinsa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana a ranar da riƙonta ke da wuya. Wassalamu alaikum.