Murtala Kafin Mulki: Tarihin Hafsan Sadarwa

A zauren wannan makon za mu duba Janar Murtala Ramat Muhammad ta fuskar da ba a cika kallonsa ba. Kowa ya san kwanaki kusan 200 da ya yi yana mulki, amma kaɗan ne ke tuna cewa sana'arsa a soja ita ce sadarwa, wato sigina.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda muke kira Barewa, ya shiga soja a 1958. Ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, ya zama hafsa a 1961, sannan ya koyi aikin sigina a Catterick. Bayan ya yi aikin wanzar da zaman lafiya a Kwango, ya riƙe rukunin sadarwa na birged ta ɗaya a Kaduna, daga nan ya koma Apapa a Legas. A 1966 ya zama laftanar kanar, kuma sufeton sigina na rundunar ƙasa baki ɗaya.

Mene ne aikin? Shi ne ya tabbatar umarnin kwamanda ya isa ga sojan da ke bakin daga, rahoton bakin daga kuma ya dawo, ba tare da abokin gaba ya ji ba. Wayar salula babu ita a lokacin, sai rediyon oba-oba da wayar tarho. Wanda ke riƙe da waɗannan ya san inda kowace bataliya take da wanda ke jagorantarta. Saboda haka idan muka karanta cewa Murtala na cikin jagororin juyin mulkin Yuli 1966, mu tuna kujerar da yake kai.

Yaƙin basasa ya ɗauke shi daga sigina. A 1967 ya jagoranci runduna ta biyu, ta ƙwato Benin. A ƙarƙashin wannan rundunar ne aka yi kisan fararen hula a Asaba cikin Oktoba, aka kuma yi asarar sojoji masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara zuwa Onitsha. Marubucin tarihi ba ya tsallake wannan don ƙauna. A 1968 ya koma kujerarsa ta sigina, a 1974 Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya. A Yuli 1975 ya zama shugaban ƙasa, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

Mu mutanen Runka mun san nauyin wannan sana'a. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Safana da Batsari, don a raba 'yan bindigar dajin Rugu da masu ba su bayanai. Amma mai neman ɗauki ma ya rasa hanyar kira. Haka nan jirgin yaƙin da ke shawagi a saman dajin: matuƙinsa ya dogara ne da abin da aka faɗa masa ta rediyo. Idan bayani ya gurgunce, abin da ke biyo baya shi ne irin na Rann a jihar Borno, inda jirgin sojan sama ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira ranar 17 ga Janairu, 2017.

Don haka duk wanda zai rubuta labarin yaƙi a cikinmu, kada ya tsaya ga mai bindiga kaɗai. Ya tambaya: wa ya aika saƙon, wa ya karɓa, yaushe ya isa? A garuruwanmu akwai tsofaffin sojoji masu fansho. Mu je mu zauna da su da littafi da biro tun suna raye.